Halwa da Tausayi a Ƙasar Kabi

Duk baƙon da ya kwana Birnin Kabi ko Argungu, in ya kasa kunne bayan sallar magariba, da wuya ya rasa jin amon zikiri daga wani masallaci ko wani zaure. In ya leƙa zai ga dattawa zaune, kowa da carbinsa, ido a runtse, ba mai kula da wanda ya shigo. Abin da suke nema shi ne su horar da zuciya, ta rabu da fushi da hassada da kwaɗayi, ta yi taushi ga bayin Allah. To, amma zuciyar da aka hora a zaure, yaya za ta yi ran da aka miƙa wa mai ita takobi, ko ran da aka hana shi abin da yake ganin nasa ne? Tarihin ƙasar Kabi da Gwandu ya ba da amsa fiye da ɗaya.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya sani ba mutanen ƙasarmu kaɗai suka yi fama da wannan tambaya ba. A arewacin ƙasar Hindu, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi wani ɗan sarki wai shi Gotama, wanda aka yi wa laƙabi Buda, watau wanda ya farka. Ya bar gidan sarauta ya shiga daji, ya daɗe yana ta da kai da azumi da zaman shiru, sa'an nan ya komo cikin mutane ya kafa jama'ar masu gudun duniya. Har yau a Siri Lanka da Tailan mabiyansa sukan tsaya wuri guda wata 3 na damina, suna karatu, suna zama su lura da shigar numfashi da fitarsa har tunani ya kwanta. Suna kuma da wani horo na tausayi: mutum ya fara yi wa kansa fatan alheri, ya wuce ga masoyinsa, ya wuce ga wanda ba ruwansa da shi, daga ƙarshe ya kai ga maƙiyinsa. Wajen shekara 261 kafin Miladiyya wani sarkin ƙasar, Asoka, ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu cewa mutum 100,000 aka kashe, aka kwashe 150,000, ya kuwa yi nadama. Ya riƙi tafarkin Buda, ya sa aka haƙa rijiyoyi, aka dasa itatuwa a bakin hanyoyi, aka tanadi magani don mutane da dabbobi. Amma fa bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba. Aƙidar waɗannan mutane da ta Musulmi ba su haɗa hanya ba, ba kuwa gwada addini da addini ne nufinmu ba. Mun kawo su ne don mai karatu ya riƙe labarin Asoka a ransa, zai ga amfaninsa nan gaba.

A ƙasar Hausa horon zuciya ta hanyar ɗariƙa ya zo. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da suka taru a Degel 'yan Ƙadiriyya ne, ɗariƙar Sidi Abdulƙadir Jilani wanda ya rasu a Bagadaza cikin 1166. Suna da wuridi safe da maraice, wanda ya yi nisa kuwa yakan shiga halwa, ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki, har zuwa 40, ya rage ci da barci da magana. Cikin wannan jama'a Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya tashi. An haife shi wajen 1766, ya yi karatu wurin wansa da kawunnansa, ya zama gwani a nahawu da fiƙihu da tafsiri da waƙen Larabci. Mutum ne mai tsantseni, wanda ba ya iya ganin an karya ƙa'ida ya kau da kai. Wannan hali shi ya ɗaukaka shi, shi ya kuma hana shi sakat.

Cikin Fabrairu 1804 aka yi hijira zuwa Gudu. Ba a yi wata 5 ba sai ga malamin nahawu a gaban runduna a Tabkin Kwatto, inda aka kori Gobirawa. Shekara na zagayowa, cikin 1805, shi ne ya ja yaƙi zuwa Birnin Kabi. Wannan ba ƙaramin gari ba ne. Kabawa jikokin Kanta ne, wanda ya ƙwace kansa daga hannun Askiya na Sangai wajen 1516 ya gina Surame, Birnin Kabi kuwa ita ce mazaunin sarakunansu tun wajen 1700. Birnin ya faɗi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da sauran mutanensa, jama'ar Shehu da yunwa ta gallaba suka sami abinci, suka kuma sami wurin zama a Gwandu.

Nan ne fa abin ya soma yi wa Malam Abdullahi ɗaci. Rundunar da ta fito daga Degel ta masu karatu ce, amma da yawa cikinsu sun yi shahada a Tsuntsuwa, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa ba duka ne suka san wuridi ba, balle halwa. A ƙarshen 1805, ana shirin gamuwa da Kabawa da Gobirawa da Buzaye, sai mayaƙa suka faɗa wa Kwalde, gari ne kuwa da ke cikin amana, suka washe shi. Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba wanda ya saurare su. Bayan 'yan kwanaki aka gamu a Alwasa, aka yi wa jama'a mummunar ɓarna, har sai da abokan gaba suka biyo su ƙofar Gwandu kafin a mai da su. Shugabannin ba su ɗauki wannan kaye a kan tsautsayi ba, sun ɗauke shi sakayyar abin da aka yi wa Kwalde.

Cikin 1807 haƙurinsa ya ƙare. Ana kan hanyar yaƙin Alkalawa ya sulale da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas, niyyarsa ya tafi Makka ya bar musu duniyarsu. A littafinsa Tazyinul Waraƙati ya bayyana dalili: abokansa na gaskiya sun mutu, ya ga waɗanda suka rage sun karkata ga son mulki da tara dukiya da ƙwaraƙwarai da tufafin ado. Ya isa Kano zamanin Sarki Sulaimanu. Kanawa suka riƙe shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su yi mulki da shi. Ya rubuta Liya'ul Hukkami, a kan sharuɗɗan shugaba da haƙƙin waɗanda ake mulka, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Daga nan bai ƙara taki ɗaya gabas ba, ya juya ya koma inda ya baro.

A ganina wannan komowa ta fi cin Birnin Kabi girma. Tafiya Makka hanya ce mai kyau, ba mai zarginsa da ya bi ta. Amma da ya tafi, da ya bar raunana a hannun waɗanda suka washe Kwalde. Ya zaɓi ya zauna cikin abin da ransa ke ƙi, yana rubutu, yana faɗa, yana shari'a.

Saura jarrabawa ɗaya. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Da Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1817, Abdullahi ya hau ya zo, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Shi ne ƙanen Shehu, shi ne wazirinsa, shi ne mafi ilmin waɗanda suka rage. Ya juya akalar dokinsa ya koma, bai tara runduna ba, amma ya yi shekaru ba ya shiga harkar Sakkwato. Sai da mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, abin ya fi ƙarfinsa, Bello ya kawo masa gudummawa wajen 1821. Masu tarihi sun ce da aka ci garin suka yi kiciɓis bisa dawaki, Bello ya yunƙura zai sauka don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, ya kuma tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Giɗaɗo, watau ya sallama masa wazirci. Ya ƙarasa kwanakinsa a Gwandu cikin karatu da koyarwa, ya rasu wajen 1829, hubbarensa na can. Allah ya ji ƙansa.

Sai dai kada son malami ya rufe mana ido. Tausayin da ya kai ga Bello bai kai ga mayar wa Kabawa birninsu ba, kamar dai Asoka da Kalinga. Su kuwa Kabawa ba su taɓa yarda an gama da su ba. Aka kashe Hodi cikin 1826, aka kashe Karari cikin 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekara kusan 18 a can. Cikin 1849, bayan an bar shi ya koma gida, ya ɗaga tutar Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka goya masa baya.

A lokacin nan mai riƙe da Gwandu shi ne Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya hau cikin 1833. Malami ne, mutanensa kuwa waliyyi suka ɗauke shi. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka Gwandu cikin 1853, ya sami littafin tarihin Sangai a hannun malaman garin, amma Sarki ya ƙi yarda su gana. Ya rubuta cewa Halilu ya keɓe kansa kamar mai gudun duniya, alhali ƙasa tana cikin rikici, hanyoyi ba su biyuwa. Shaidar baƙon da aka hana ganin sarki a yi hattara da ita, gama yana da nasa haushi. Duk da haka abin lura ne: uban ya nemi kaɗaici, jama'a ta janyo shi ya komo, ɗan kuwa ya sami kaɗaicin a tsakiyar fada. Ya rasu cikin 1858. Magajinsa Haliru bai yi shekara 3 ba Kabawa suka kashe shi a fagen fama, aka ta da mazaunin sarki daga Gwandu zuwa Ambursa.

An sami hutu sau ɗaya, wanda ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, daga wajen 1867 zuwa 1875. Manomi ya yi noma, fatake suka wuce, sa'an nan aka koma gidan jiya. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau cikin 1883, ya ƙone garuruwan Gwandu da na Sakkwato masu yawa, ba a ajiye makami ba sai da Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20. Su ne suka raba iyaka, a zamaninsu kuma Sarkin Gwandu ya tare a Birnin Kabi, wadda ta zama babban birnin Jihar Kabi cikin 1991. Fadarsa tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo.

Iyakar da Bature ya shata ta tsai da yaƙi, ba ta sa an gaisa ba. Sai cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, jikan Muhammadu Bello, ya tashi takanas ya tafi Argungu, shekara 129 bayan faɗuwar Birnin Kabi. Ya je ne baƙo, ba da runduna ba. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi, Kabawa kuwa suka girmama shi da abin da suka fi kowa iyawa: masunta suka faɗa ruwa da gora da homa, suka yi su a gabansa. Daga nan bikin kamun kifin Argungu na Matan Fada ya samo asalinsa na yanzu, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.