Lansir da Algarif: Tarihin Wani Ɗan Ganye da 'Ya'yansa

Gabatarwa

A cikin kayan lambun da ake nomawa a fadamun ƙasar Hausa lokacin hunturu, da wuya a sami wanda aka raina kamar lansir. Ɗan ganye ne mai yaji-yaji da mata ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli da albasa, a ci da hantsi ko da la'asar. Ni kaina haka na ɗauke shi, sai ranar da wani abokin aikina, lokacin ina koyarwa, ya dawo daga aikin hajji ya ba ni tsarabar wasu ƙananan 'ya'ya jajaye, ya ce sunansu habbatur rashad, kuma maganin cututtuka ne da yawa. Da na kai wa mahaifiyata, sai ta zuba su a tafin hannu, ta duba, ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai wannan algarif ne. Irin lansir ne fa, da shi ake jiƙa muku idan ciki ya ɓaci." Ban gamsu ba, sai na yafa kaɗan a cikin wani tsohon kasko na ba su ruwa. Kwana biyu suka tsiro, kafin mako biyu kuwa ga lansir sak.

Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin wannan tsiro. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna wa malaman makaranta da dattawanmu cewa abin da muke saye da tsada da sunan baƙo ɗan gida ne, sannan ta bambance abin da binciken kimiyya ya tabbatar game da shi da abin da yake da'awa ce kawai.

Sunayensa

Bahaushe yana kiran ganyen lansir, wasu su ce lafsur ko lausur, gwargwadon karin harshen yanki. 'Ya'yan kuwa, waɗanda masu kayan ƙoli ke sayarwa don magani, su ne algarif. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin Turawa, ya shigar da wannan tsiro a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na shekarar 1916, haka kuma a babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma na 1937. A wajen masana ilimin tsirrai sunansa Lepidium sativum, kuma Linniyas, mutumin ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa shi a 1753. Dangin kabeji ne. Larabawan da suna kiransa hurf ko suffa'u, na yanzu kuma rashad. Habashawa na cewa feto, mutanen Indiya kuma halim.

Daɗewarsa a Hannun Ɗan'adam

Masana sun karkata ga cewa asalin lansir bai wuce yankin da ya taso daga Habasha da Masar zuwa ƙasar Farisa ba. Masanin nan na Rasha, Nikolai Babilof, wanda ya zagaya Habasha a 1927 yana tattara iri, ya ɗauki ƙasar a matsayin cibiyar ire-iren wannan tsiro. A Masar kuwa, an sami 'ya'yansa a cikin kayan kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda ya mutu wajen shekara ta 1323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kuma gano kabarinsa a 1922. Ke nan fiye da shekara dubu uku mutane suna ajiye wannan iri.

Marubucin Girka Zinofon, a littafinsa kan tarbiyyar Sarki Sairus, ya bayyana cewa 'yan makaranta a Farisa sukan zo daga gida da gurasa da lansir a matsayin mahaɗi, da moɗar ɗiban ruwan kogi, domin su saba da ƙana'a. A ƙarni na farko na Miladiyya kuma, likitan Girka Diyoskoridis ya lissafa amfanin 'ya'yansa, ya ce suna da zafi, suna fitar da tsutsar ciki, suna tsinka jinin al'ada, ya kuma yi nuni da cewa suna halaka ɗan tayi.

Daga littattafan Girkawa ilimin ya shiga hannun likitocin Musulmi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da Ibn Baiɗar na Andalus, wanda ya rasu a 1248, duk sun yi bayanin hurf. Amma wanda ya fi isowa zaurukan malamanmu shi ne Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, domin a sashen magani na Zadul Ma'ad ya ware masa babi, ya ce shi ne abin da gama-garin mutane ke kira rashad. Ya kamata a sani cewa ruwayar da ake yawan kafa hujja da ita a kan suffa'u, Abu Dawud ya kawo ta ne a cikin Marasil, kuma malaman hadisi da dama sun raunana ta. Yawancin fa'idojin da aka jero a babin daga maganganun likitocin da aka ciro su.

Shigowarsa Ƙasar Hausa

Sunan algarif da kansa shaida ne. Duk wanda ya dubi kalmomi irin su albasa da alkama da almakashi ya san cewa wannan "al" ɗin ta Larabci ce, kuma da alama algarif daga al-hurf ya samo asali. Wannan na nuna cewa 'ya'yan sun biyo hanyar da sauran kayan yaji da magunguna suka biyo, wato ayarin fatake daga Tarabulus da Gadamas ta Agadas zuwa Katsina da Kano, da kuma hanyar alhazai ta Borno da Sudan. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta daɗe tana zama matattarar irin waɗannan kaya.

Da ya iso kuma sai ya sami wurin zama. Tsiro ne mai son sanyi da laima, don haka ya dace da noman rani, inda ake yafa shi a fangali kusa da albasa da alkama, a yi ban ruwa da jigo. Manomin da ya san aikinsa yakan bar fangali guda ya yi fure ya zuba 'ya'ya, ya ajiye na shuka, ya kai ragowar ga masu ƙoli.

Abin da Ɗakin Gwaji Ya Gano

Yajin nan da ke taɓa hanci idan an tauna lansir yana da dalili. A cikin tsiron akwai wani sinadari da ake kira gulukotorofiyolin, wanda ba shi da yaji muddin ganyen na nan lafiya. Da zarar an tauna ko an daka, sai ya haɗu da wani sinadarin da ke farfasa shi, a nan take wani mai mai yaji ya fito. Da wannan tsiron ke kare kansa daga ƙwari, kuma an gwada a ɗakin gwaji an ga yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Masanan Jamus su suka fara wannan aiki: Hofman ya tace man lansir ya bincika shi a 1874, Gadama ya ci gaba a 1899, sannan a 1998 wasu masanan suka bayyana sinadarai bakwai na dangin lefidin daga 'ya'yansa.

Ta fuskar abinci, kusan kashi 22 zuwa 25 cikin 100 na nauyin 'ya'yan furotin ne, kamar kashi 20 zuwa 25 kuma mai ne, wanda kusan sulusinsa irin man nan ne da ake kira omega-3. Suna kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini da na ƙarfafa ƙashi. Ɓawonsu na yin yauƙi idan an jiƙa, kuma wannan yauƙi ne ke lallashin hanji, wanda ya yi daidai da jiƙon da iyayenmu mata ke yi. Ɗanyen ganyen kuwa, a cikin giram 100 akwai bitamin C kimanin miligiram 69, wato ya ɗara na lemon zaƙi, ga kuma bitamin K mai yawan gaske.

Tsakanin Gaskiya da Talla

A Saudiyya da Sudan ana ba wanda aka yi wa ɗori 'ya'yan rashad, a Indiya kuma ana yi wa mai jego alawa da su. An gwada wasu daga cikin waɗannan al'adu. A 2005 masu bincike a Maroko sun ga ruwan 'ya'yan ya sauke sukari da hawan jini a jikin ɓeraye, a 2007 kuma wani gwaji a Saudiyya ya nuna ƙashin zomayen da aka ciyar da su ya fi saurin haɗewa. Sai dai mafi yawan irin waɗannan gwaje-gwaje a kan dabbobi aka yi su, na mutane kuwa kaɗan ne kuma ƙanana. Saboda haka kuskure ne babba mai ciwon sukari ko hawan jini ya ajiye maganin asibiti ya dogara da algarif.

Akwai kuma waɗanda ya wajaba su kiyaye. Mai juna biyu ta nisanci shan 'ya'yan a matsayin magani, domin tun zamanin Diyoskoridis an san haɗarinsu ga ciki. Mai maƙoƙo kada ya yawaita, domin tsirran wannan dangi na iya rage wa jiki amfani da sinadarin aidin. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da kwaɗon lansir abincin kullum, saboda bitamin K.

Kammalawa

Abin da ya fi damuna shi ne, yaran da na koyar sun san habbatur rashad a cikin roba, amma ba su san algarif ba, balle su haɗa shi da kwaɗon da suke ci. Idan suna ya ɓace, ilimin da ke rataye da shi yakan bi shi, har da sanin ƙa'ida da iyakar sha da tsofaffi suka riƙe. Ina roƙon malamai su sa ɗalibai su yafa 'ya'yan a kan jiƙaƙƙiyar auduga a cikin aji, su kuma aike su gida su tambayo sunansa da yadda ake amfani da shi a garinsu, a rubuta a adana. Dattawa kuma kada su yi rowar abin da suka sani. Allah Ya sa mu dace.