Sheep da mutton: yaushe ma'anarsu ta rabu?

Duk wanda ya zauna ajin kimiyyar harshe a jami'o'inmu ya san misalin Ferdinand de Saussure, a cikin darussansa da aka buga a 1916 bayan rasuwarsa. Kalmar Faransanci *mouton* ta haɗa dabba da namanta, Ingilishi kuwa ya raba aikin gida biyu, *sheep* ga tunkiya mai rai, *mutton* ga naman da aka kawo a akushi. Saussure matsayin kalma a cikin tsarin harshe yake dubawa, bai kula da lokacin da aka yi rabon ba. Mu kuwa lokacin ne ya dame mu a wannan ƴar takarda, domin amsar da muka saba ba ɗalibai tana da rauni.

Ga yadda ake ba da labarin. A 1066 Wiliyam mai mulkin Normandi ya ci Harold da yaƙi a Hastings, ya hau gadon sarautar Ingila. Cikin shekara 20, kamar yadda ƙidayar filaye ta 1086 ta nuna, kusan duk manyan gonaki sun koma hannun baƙi masu jin Faransanci. Sai a ce talaka ɗan ƙasa shi ke kiwo, don haka dabba ta riƙe sunanta na gado: *ox*, *calf*, *sheep*, *swine*. Basarake baƙo shi ke ci, sai nama ya ɗauki sunan Faransanci: *beef*, *veal*, *mutton*, *pork*. John Wallis ya yi wannan lura a nahawun Ingilishi da ya rubuta da Latinanci a 1653, amma wanda ya baza ta duniya shi ne Walter Scott, da ya sa ta a bakin wani wawan fada yana hira da makiyayin aladu a farkon *Ivanhoe*, a 1819.

Matsala ta farko ita ce ta lokaci. Scott ya ajiye hirar a zamanin Sarki Richard na Farko, wajen 1194, alhali *beef* da *mutton* ba su bayyana a rubutun Ingilishi ba sai wajen 1300, *veal* kuwa sai cikin ƙarni na 14. Haka abin yake ga yawancin kalmomin aro na Faransanci: ambaliyarsu ta zo tsakanin 1250 da 1400, bayan sarakunan Ingila sun rasa Normandi a 1204. Wato lokacin da manya suke barin Faransanci suna komawa Ingilishi, su ne suka shigo da kayansu. A tsakiyar ƙarni na 13 Walter de Bibbesworth ya rubuta littafi don koya wa ƴaƴan manya Faransanci, da fassarar Ingilishi a gefe, abin da ke nuna cewa ba da shi aka goye su ba. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi, kodayake ita dokar da kanta da Faransanci aka rubuta ta.

Ana iya cewa alƙalami yakan makara, baki yana gaba. Haka ne, mun yarda. To amma matsala ta biyu ba ta da irin wannan mafita. Kalmomin sun shigo da ma'anarsu ta Faransanci cikakka, dabba da nama, kuma sun daɗe a haka. A ƙarshen ƙarni na 16 Shakespeare ya sa Shylock ya kira tumaki da shanu da jam'in *mutton* da na *beef*. Fassarar Baibul ta 1611 tana amfani da *beeves* ga shanun hadaya da na ganima, waɗanda suke tsaye da ƙafafunsu. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 shi ya fi ba mu haske, don ya kama kalmomin biyu a matakai dabam: ya yarda *beef* na iya nufin sa mai rai wanda aka yi niyyar yankawa, amma ya ce kiran tunkiya *mutton* ya zama na ba'a kawai. Ke nan shekara kusan 700 bayan Hastings rabon bai gama kammala ba.

Kuma in da mai kiwo da mai ci ne kaɗai dalili, da mun ga haka ga kowace dabba. Manyan Normandi sun ci ɗan rago da kaza da dinya, amma *lamb* da *chicken* da *goose* suna ɗaya suke da shi a garke da tukunya, kamar yadda Bahaushe ke cewa rago da naman rago. Tagwayen *deer* da *venison* ma dabam suka bi. A tsohon Ingilishi *deor* kowace dabba ce, kamar *Tier* a Jamusanci, *venison* kuwa duk naman farauta ne, har da na zomo da na aladen daji. Kowace ta tsuke a hankali har suka haɗu a kan dabba ɗaya. Ita kanta *meat* abinci take nufi, kowane iri, *flesh* ce nama, kuma masu jin Faransanci za su tuna *viande* ta yi irin wannan tafiya.

Ba mu ce bambancin talaka da basarake ba shi da hannu a ciki ba. Harshen girki na manyan gidaje na Faransanci ne: *boil*, *fry*, *roast*, *sauce*, har da sunan mahauci, *butcher*. Littafin girki na masu dafa wa Sarki Richard na Biyu, na wajen 1390, cike yake da irinsu. A ganinmu cin yaƙi ya ba Ingilishi kalma ta biyu ne kurum. Kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya kuwa ba su cika zaman lafiya ba. Wadda aka fi ji a madafa da mahauta ta manne wa nama, ɗayar ta tsaya a makiyaya, kuma masu magana ne suka yi wannan rabo cikin ƙarnuka, ba tare da wani ya umarce su ba.

Abin ya shafi aikinmu ta fuska biyu. Ɗalibin da ke karanta lissafin dukiyar wani manomin Ingila na ƙarni na 16, in ya ci karo da *muttons* ya fassara da nama, ya mayar da garke tukunya, lissafinsa na arzikin gidan ya rushe. Mu kuma da muka iso Ingilishi ta ƙofar Faransanci muna da namu tarko, don tagwayen sun ci gaba da rabuwa har a wajen madafa. *Demander* roƙo ne ko tambaya, amma *demand* da ta fito daga gare ta ta bar wa *ask* wannan aiki, ta koma neman abu da ƙarfi, irin na mai bin bashi.