Ƙuri'ar kakana ta 1958

Kakana manomin gujiya ne a ƙasar Maradi. Ran 28 ga Satumba 1958 ya jefa ƙuri'ar "i", watau Nijar ta zauna ƙarƙashin inuwar Faransa. Na daɗe ina jin haushin wannan ƙuri'a. Yaya talakan da ke biyan lanho, wanda matarsa ke haihuwa ba likita kusa, zai zaɓi mai tatsarsa?

Ku tuna yadda abin yake. A 1957 Sawaba ta Djibo Bakary, mai alamar raƙumi, ita da abokanta suka ci kujera 41 cikin 60 na majalisa. Da de Gaulle ya kawo zaɓen raba gardama, Djibo ya ce a jefa "a'a", a karɓi ƴanci nan take. Sai Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani. Sarakuna da yawa suka juya wa Sawaba baya. "I" ta samu wajen kashi 78 cikin 100, mafi yawan masu rajista kuma ba su ma fito ba. A 1959 aka haramta Sawaba.

Wata rana na tambayi kakana. Ya yi dariya, ya ce: "Yaro man kaza! Djibo yana Yamai, mai gari yana ƙofar gidana. Wa ke rubuta lanho? Wa ke raba gona in an yi rikici? Gujiyata kuma wa zai saya?"

Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Lokacin nan Faransa na sayen gujiyarmu sama da farashin kasuwar duniya. Gine da ta ce "a'a" kuwa, Nasara sun kwashe likitocinsu da malamansu sun tafi. Amma abin da ba a faɗa ma kakana ba, tun 1957 aka gano uraniyom a Azelik. A 1971 aka fara haƙarsa a Arlit, ƙauyenmu kuwa ko ɗakin shan magani babu.

Daga nan na daina cewa talaka wawa ne. Lissafi yake yi, sai dai na damina guda, don yunwa ba ta bari a hango shekara goma. Mai riƙe da hatsi da hukunci shi ke tsara masa tambayar.

Ƴan'uwa ɗalibai, kafin mu zagi wanda ya karɓi sabulu da turmin atamfa ranar zaɓe, mu tambaye shi wa yake tsoro, kuma in ya ce "a'a", wa zai tsaya masa gobe. Mu ne, ko za mu koma lakwal mu bar shi da mai gari?