Tsakiyar Rayuwa: Shekara Arba'in Zuwa Sittin a Rayuwar Mai Bi

Tsakiyar rayuwa ita ce shekarun da ke tsakanin ƙuruciya da tsufa, wato daga wajen arba'in zuwa sittin. Bahaushe yakan ce mutum ya zama magidanci sosai, ya kama hanyar dattako, mace kuma ta zama uwargida mai surukai ko mai shirin yin su. A Kankiya da Kusada, wanda aka haifa lokacin da ƙasar nan ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ya riga ya taka wannan mataki ko yana bakin ƙofarsa.

A ƙasashen Turai an fi kallon lokacin ta fuskar damuwar zuciya. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada, Elliott Jaques, shi ya fito da batun rikicin tsakiyar rayuwa a 1965, yana nufin firgicin da kan kama mutum sa'ad da ya gane kwanakinsa ƙidayayyu ne. Kafin shi, Erik Erikson ya koyar cewa babban gwajin waɗannan shekaru shi ne ko mutum zai reni na baya da shi, ko kuwa zai tsaya cik yana hidimar kansa. A ganina maganar Erikson ta fi kusa da halin da muke ciki, domin a wajenmu mai shekara arba'in da biyar ba kasafai yake samun sararin zama ya yi ta tunanin kansa ba.

Nauyi daga sama da ƙasa

A ƙauyukanmu wannan ne lokacin da gandu kan dawo hannun mutum. Mahaifi ya tsufa, ya bar masa shawarar abin da za a shuka, gero ko dawa, gyaɗa ko wake, da yadda za a raba abin da ke rumbu ya kai wata damina. A daidai lokacin kuma 'ya'yansa na neman kuɗin makaranta, wasu na shirin aure, wasu sun bi hanyar Kano ko Abuja ci-rani, hannun da za su taya noma ya ragu. Mace tana jinyar suruka tsohuwa, tana goyon jika. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya fara lissafi, tun da ƙa'idar aiki ita ce a yi ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa.

Akan ji a rediyo cewa matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai kai shekara 60 ba, sai wasu su ɗauka cewa ɗan arba'in ya kusa gamawa. Mutuwar ƙananan yara ce ke jan wannan lissafi ƙasa. Wanda ya kai arba'in lafiya yana iya samun shekara ashirin ko talatin a gabansa, kuma ba daidai ba ne a shige su babu shiri.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Musa yana da shekara 40 ya tashi ya kāre ɗan'uwansa da ƙarfin hannunsa, abin ya kai shi gudun hijira Madayana, sai bayan wata shekara 40 Allah ya kira shi (Ayyukan Manzanni 7:23-30). Kalibu yana da 40 aka aike shi leƙen asirin Kan'ana, yana da 85 ya karɓi Hebron (Joshuwa 14). Dawuda kuwa bai fāɗi a jeji sa'ad da Saul ke farautarsa ba, ya fāɗi ne bayan mulki ya kafu, ya zauna a Urushalima yayin da jarumawansa ke fagen yaƙi (2 Sama'ila 11). Magidanci da ya fara samun rufin asiri ya kula da wannan.

Amma wurin da ya fi koya mana shi ne dokar Lawiyawa a Littafin Ƙidaya 8:23-26. Balawe yakan shiga hidimar alfarwa yana da shekara 25. Idan ya kai 50 sai a sauke masa aikin, amma ba a sallame shi ya koma gida ba, yakan ci gaba da taimakon 'yan'uwansa wajen tsaro da lura. Tun da alfarwar abin ɗauka ce, da katakai da labule masu nauyi, an bar wa samari ɗaukar kaya, aka bar wa manya ido da shawara. Dokar ba ta ɗaure Kirista a yau ba, duk da haka hikimarta tana nan: Allah da kansa ya sa lokacin da aikin mutum zai sauya kama, tun ƙarfinsa bai ƙare ba. Bulus ya bi wannan hanya a Titus sura 2, inda ya ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana zaman gida.

Shirya gida

Hezekiya ya hau sarauta yana da shekara 25, ya yi mulki shekara 29. Da ya yi ciwon ajali aka ƙara masa shekara 15, wato yana wajen 39 ke nan annabi Ishaya ya zo ya ce masa ya kintsa gidansa (Ishaya 38). Mutanenmu da yawa na ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Sakamakon wannan tsoro mun sha ganinsa: 'yan'uwa masu sujada a majami'a ɗaya sun daina gaisawa saboda iyakar gona, gwauruwa ta rasa ɗakin da ta yi shekara talatin a ciki. Mai bi ya rubuta abin da ya mallaka da bashin da ke kansa, ya nuna wa 'ya'yansa iyakokin gona a gaban maƙwabta, ya sa hannu a gaban shaidu, ya nemi shawarar lauya in da hali. Matarsa kuma ta san inda takardun suke.

Jiki ma yana cikin gidan da za a kintsa. Hawan jini da ciwon suga sukan daɗe a jiki ba tare da alama ba, awonsu kuma ba ya cin lokaci a babban asibitin Kankiya ko ƙaramin asibiti mafi kusa. Yawancin mata al'ada kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, da jin zafin jiki da rashin barci da saurin fushi. Wannan ba aikin maƙiya ba ne, miji ya sani, ya yi haƙuri.

A cikin ikilisiya

Ikilisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne, mutum ɗaya yakan riƙe ma'aji ko magatakarda shekara da shekaru don babu wanda aka koya wa. Ranar da ya kwanta ciwo sai a rasa mai buɗe littafin baiko. Dattijon da ya haura arba'in da biyar ya zaɓi saurayi ɗaya ya zauna kusa da shi wajen lissafi, ya tafi da shi gaisuwar mutuwa da sulhunta ma'aurata, ya ba shi jagorar addu'ar safe wani lokaci, ya gyara masa a keɓe. Shugabar Zumuntar Mata ta yi haka da amaren da suka shigo. Majalisar dattawa kuma za ta iya sa wa kowane muƙami wa'adi, ta rubuta sunan mataimaki tun ranar da aka naɗa mai riƙe da shi.