Muhammadu al-Kashinawi, Malamin Hatimi

Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi malamin hisabi ne da ilimin taurari, ɗan Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. An fi saninsa da aikinsa kan hatimi, murabba'in nan mai gidaje da ake cikawa da lambobi, wanda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimilla ɗaya yake bayarwa.

A Katsina ya fara karatu. Cikin malamansa har da Muhammad al-Wali na Bagirmi. Wajen 1730 ya kama hanyar hajji, daga Makka ya wuce Masar, kuma bai sake komawa gida ba.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimin da adadin gidajen layinsa mara ne: uku, biyar, bakwai. Maimakon a yi ta lalube, sai ya shimfiɗa ƙa'ida. Ana ajiye lamba, mai bi mata kuma ta yi tsallen dokin shaɗaranji, gida biyu gaba, ɗaya gefe. Idan tsallen ya fita daga murabba'in, sai ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren. Hatimi mai gida uku-uku 15 yake bayarwa, mai biyar-biyar 65, mai bakwai-bakwai 175.

Ajali ya same shi a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, kuma a hannun maigidan ya bar littattafansa.

Shi kuwa ilimin hatimi, ayarin fataken goro ya bi zuwa Gwanja. A zangunan Salaga da Yendi da Bawku malamai sun daɗe suna zana shi a allo da takarda, dukawa su ɗinke shi cikin laya. A da, sarakunan Asante kan sa a ɗinka irin waɗannan layu a jikin rigunan yaƙinsu. Bayan yaƙin Katamanso na 1826, wasu takardun Larabci da rundunar Asante ta bari, cike da addu'o'i da hatimai, sun faɗa hannun 'yan Danmak, suna nan ajiye a ɗakin karatun Kofanhegan.

A 1973 Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta bayyana dabarun al-Kashinawi a littafinta kan lissafi a Afirka, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan lissafi na wasu ƙasashe.