Daga Zugazugi zuwa Injin Goge Ƙarfe: Yadda Gudun Inji Ya Wuce Ƙiftawar Ido a Sabon Garin Zariya

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Garin Zariya. A 1911 layin dogon da aka faro daga Baro ya ratsa Zariya ya nufi Kano, sai Turawan mulkin mallaka suka ware fili a tsallaken kogin Kubanni domin ma'aikatan reluwe, akawuna, kafintoci da makanikai, waɗanda yawancinsu daga Kudu suka zo. Daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, aka ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Ka san kuwa duk inda jirage ke haɗuwa, aikin gyaran ƙarfe ba ya yankewa.

Ba wai Zazzau ba ta san ƙarfe ba ne kafin nan. Maƙera sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙera fartanya, garma, lauje da takobi, da zugazugi da uwar maƙera da masaba. Tartsatsi kan faɗa musu a ido su ma. Amma a maƙera ƙarfin dantse ne ke iyakance komai: maƙeri ya san lokacin da guduma za ta sauka, yakan kanne ido ko ya ɗan kau da fuska. Wannan dabara ita yaro ke koya wurin maigidansa, ita ce kuma aka shigo da ita zamanin inji.

Inda lissafi ya sauya

A 1895 kamfanin Fein na Jamus ya ƙera injin huda na hannu mai aiki da lantarki. A farkon ƙarni na 20, Oscar Kjellberg ɗan ƙasar Suwidin ya fito da sandar walda mai rufi, irin wadda ake amfani da ita har yau. A 1954 wani kamfanin Jamus, wanda yanzu aka sani da Flex, ya fitar da injin nan mai faifai da ake yanka ƙarfe da goge shi.

A nan gida, aikin da zai ci waɗannan injina yana ta ƙaruwa. An buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a 1962, unguwanni suka yi ta faɗaɗa. Kowane sabon gida na son ƙofar ƙarfe da taga mai ƙarafan tsaro, manomi na son injin sussuka da na niƙa. Da ƙananan janareta da injina masu araha suka cika kasuwa, sai aikin da a da ake yi a manyan ma'aikatu ya dawo rumfunan bakin titi, daga Kwangila har Hayin Dogo.

To, bari mu yi ɗan lissafi tare. Ƙaramin injin goge ƙarfe mai faifai na milimita 115 yana juyi kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Ke nan bakin faifan na gudun kusan mita 66 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 230 a awa. Tsakanin hannunka da fuskarka bai wuce rabin mita ba, don haka ɓarɓashin da ya taso da wannan gudu zai iso kafin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya cika. Ƙiftawar ido kuwa tana cin wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ka gani? Kafin fatar ido ta rufe, ƙarfen ya riga ya shiga.

Abin da ke faruwa a cikin idon

Gaban ƙwayar idonka akwai wani tantani garai-garai wanda kaurinsa bai wuce rabin milimita da ɗan kai ba. Idan ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale a nan, cikin 'yan sa'o'i hawaye zai sa ya fara tsatsa, ya bar zobe ja-ja da sai likita ya kankare. In tabon ya faɗa tsakiya, gani ya ragu ke nan har abada. Mafi muni shi ne ɗan ƙaramin da ya huda ya wuce ciki. Wani lokaci ba ya ma zafi sosai, mutum ya ci gaba da aikinsa, ƙarfen kuwa yana narkewa a hankali yana lalata ido tsawon watanni.

Walda kuma nata daban ne. Wutarta na fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai ƙona wannan tantanin. Ba ka jin komai a lokacin. Sai bayan sa'o'i 6 zuwa 12, galibi tsakar dare, ka farka kamar an zuba maka yashi a ido. Yakan warke cikin kwana biyu zuwa uku, shi ya sa ake raina shi. Yaron shago da ke riƙe ƙarfe, da ɗan kallo da ya tsaya kusa, su ma hasken bai ƙyale su ba.

Kariyar ma tana da tarihinta

Ba a bar inji ya yi gaba shi kaɗai ba. A 1909 Bafaranshe Édouard Bénédictus ya yi rajistar gilashi mai shimfiɗar roba a tsakiya, wanda ko ya fashe ba ya tarwatsewa. A 1953, shekara ɗaya tak kafin fitowar injin goge ƙarfen, masana a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka suka gano robar polikabonet, mara nauyi, mai jure duka, mai kuma tare yawancin hasken nan mai ƙuna. Da ita ake yin tabarau na aiki a yau. Amurka ta kafa ma'aunin Z87.1 a 1968, Turai ta fito da EN 166, a 1981 kuma aka fara sayar da hular walda mai duhunta kanta da zarar wuta ta tashi.

Najeriya ma ba ta rasa doka ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar wa ma'aikata abin kare ido a ayyuka irin su walda da goge ƙarfe. Sai dai mai duba masana'antu ba kasafai yake leƙa rumfar mutum uku a bakin titi ba. A can, abin da maigida ya yi shi ne doka. In yana yankan ƙarfe ido tsirara, haka yaransa za su tashi, haka su ma za su koyar.

Dalilan da ake bayarwa kuma ba ƙarya ba ne: zafi, gumi da ke sa gilashi ya yi hazo, ƙarce-ƙarcen da ke hana gani. Sai a koma ga baƙin gilashin kwalliya na kasuwa. Wannan fa yaudarar kai ce. Ba ya tare gefe, yana iya fashewa ya ƙara rauni, duhunsa kuma bai kai ko kusa da lamba 10 zuwa 13 da waldar lantarki ke bukata ba.

Abin da ya rage gare ka

In za ka sayi tabarau, duba jikinsa ka ga Z87 ko EN 166, ka zaɓi mai rufe gefe. Wajen yanka da goge ƙarfe, ɗora garkuwar fuska a kansa, kada kuma ka cire murfin faifai don aiki ya yi sauri. Mai taimaka maka ma a ba shi nasa.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada ka murza. Kada a sa tsinke, maganaɗisu ko bakin takarda, kada a ɗiga nono, ruwan sukari ko man inji. A kife ƙoƙon roba mai tsabta a kan idon ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti a ranar. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In sinadari ne ya fantsama, kamar ruwan batir ko siminti, a fara wankewa da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya.

In kuma kai ne maigidan shago, ka tuna yaran nan hannunka suke kallo, ba bakinka ba. Ranar da suka ga ba ka kunna inji sai da tabarau a fuska, ranar darasin ya shiga.