Ciniki ba "albarka"

A kasuwar Kanan-Bakashe ciniki na da nahawunsa: mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", a yi ta ja har a kai ga "na sallama". In an dace, a samu gyara.

A watan Oktoban 2009, mutum biyu masu kamfanin 2D Boy a Amurka suka cire "albarka" daga wanga tsari. Wasansu na kwamfuta, World of Goo, dalar Amurka 20 ne, amma suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama. Dubbai suka ba da santi 1, kusan dala guda tamu ta sefa ke nan, kuma aka sallama musu. A watan Mayun 2010 Humble Indie Bundle ta haɗa wasanni 5 na ƙananan masu ƙira bisa wannan ƙa'ida, ta ƙara Samorost 2 gyara. Aka tara sama da dalar Amurka miliyan 1.

Ƙaƙa ba su faɗi ba? Mai hatsi in ya auna tiya, buhunsa ya ragu. Wasa kuwa ko an kwafe shi sau dubu yana nan. Sai dai tayin ta intanet ne, da katin banki ko PayPal, don haka arhar ba ta iso ga mai tsabar kuɗi a aljihu ba.